Takarda Mai Gefe Biyu

Karatu: Zabura 50:15

Ni ban cika son labaran waɗanda teku ta jefar a tsibiri ba, a ganina ɓata lokaci ne. Amma da aka ba ni aron Robinson Crusoe, wanda Daniel Defoe ya wallafa a Ingila a 1719, sai na kasa ajiye shi.

Jirgi ya farfashe, abokan tafiyarsa duka suka mutu, ya yi shekara 28 a tsibirin. Wata rana ya raba takarda biyu: gefe ɗaya wahalarsa, ɗayan kuma alherin da ya rage masa. Ba kowa kusa da shi, amma yana da rai, yana da abinci.

To, daidai ne wanda ya rasa kome ya yi godiya? Ba ruɗin kai ba ne? A'a. Bai share gefen wahala ba, ya dai ƙi barin ɗayan babu rubutu.

Wataƙila damina ta yi maka gardama, ko ka binne naka. Ka yi kuka, Ubangiji yana ji. Amma kafin ka kwanta yau, ka cika ɗaya gefen ma.