Ranar Zuwa Ganin Kwaleji

Ya ku iyaye cikin Almasihu, in kun raka yaronku Zariya ko Gindiri domin ya ga makarantar da yake so ya shiga, kada ku ƙwace masa magana. Yesu yana da shekara 12 sa'ad da Yusufu da Maryamu suka same shi cikin Haikali, yana sauraron malamai, yana yi musu tambayoyi (Luka 2). Ku bar naku ma ya yi tambaya da bakinsa, ko da muryarsa tana rawa. Shi zai kwana a wurin, ba ku ba. Tambaya ɗaya ce taku: ina masu bi suke taruwa ran Lahadi? Ku kai shi can, ku gaisa da dattawan ikkilisiya, ku yi addu'a tare kafin ku hau mota.