Ƴan Mishan Ɗin Mormon Da Haƙƙin Baƙo A Ƙofar Masallaci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shiryar da mu zuwa ga Musulunci ba don wayonmu ba, ba kuma don ƙarfinmu ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga cikamakin Annabawa, shugabanmu Muhammadu ɗan Abdullahi, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan tunatarwa shi ne wata tambaya da wani bawan Allah cikin masu bin mu salla ya yi mini bayan sallar La'asar. Ɗan kasuwa ne mai zuwa Kwatano da Lome. Ya ce a can yana yawan gamuwa da wasu samari masu tafiya bibbiyu, da farar taguwa da baƙin wando, kowane da ɗan allo baƙi maƙale a ƙirji mai ɗauke da sunansa. Wata rana suka gaishe shi cikin ladabi, ya tambaye su ko su wane ne, suka ce su masu wa'azi ne, suka kuma gayyace shi ya zo ya ga wurin ibadarsu. Ya ce: "Malam, su wane ne waɗannan, kuma me ya kamata Musulmi ya yi idan ya sadu da su?" Na ga tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye a bakin ƙofa, don haka na kawo ta nan domin kowa ya amfana.

Su wane ne?

Waɗannan su ne ake kira Mormon. Sunan da suka fi so a kira su da shi shi ne Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe. Wani mutum mai suna Josef Simit ya kafa cocin ranar 6 ga Afrilu 1830 a jihar Niyok ta Amurka. Ya ce shi annabi ne, ya ce mala'ika ya nuna masa wasu alluna na zinariya da ya fassara, abin da ya zama Littafin Mormon, wanda aka buga a wannan shekarar. Mutanen garuruwan da suka zauna sun yi ta korarsu, har aka kashe Josef Simit a kurkuku a jihar Ilinoyi a 1844. Magajinsa Birigam Yang ya ja jama'ar suka yi ƙaura zuwa yamma, suka sauka kusa da wani babban tafkin gishiri a 1847. Nan suka gina birnin Solt Lek, babban birnin jihar Yuta, inda cibiyarsu take har yau. Mabiyansu a duniya sun haura miliyan 17.

Har zuwa 1978 cocin ba ya bai wa baƙar fata limanci. A watan Yunin wannan shekara shugabansu na lokacin ya ɗage hanin, kafin shekarar ta ƙare kuma masu wa'azinsu suka sauka Najeriya da Gana. Gwamnatin Gana ta taɓa dakatar da ayyukansu a 1989, ta sake ba su izini a ƙarshen 1990. Sun buɗe babban haikali a Ankara, babban birnin Gana, a 2004, da wani a garin Aba na kudancin Najeriya a 2005. Wannan shi ya sa fatakenmu masu bin biranen bakin teku suke ganin su.

Yadda suke aikinsu

Saurayi a cikinsu, idan ya ƙare karatun sakandare, sai ya nemi a tura shi wa'azi. Namiji yana yin shekara 2, mace kuma wata 18. Ba shi yake zaɓen ƙasar da za shi ba: takarda ce take zo masa daga shugabanninsu, ta ce masa ga inda za ka. Ba a biyansa albashi. Shi da iyayensa suke ɗaukar nauyin tafiyar, in ba su da hali jama'arsu su taimaka. Kafin ya fita sai ya yi makonni a gidan horo yana koyon wa'azi da harshen mutanen da za shi wurinsu. Mafi girman gidajen horon yana jihar Yuta, akwai kuma wani a Ankara. Idan ya isa, a haɗa shi da aboki wanda ba sa rabuwa dare da rana. Suna tashi da sassafe su yi karatu, su wuni suna zagayawa. Ba neman aure a tsawon wannan lokaci. Kafin 2019 sau biyu kawai a shekara aka yardar musu su kira iyayensu ta waya, sai wasiƙa. Dukan mabiya cocin kuma an hana su giya da taba da shayi da kofi, an kuma ɗora musu ba da kashi ɗaya cikin goma na abin da suka samu.

Akwai kuma wani sashe na aikin wanda shi ne ya fi jan hankalina, wato tarbar baƙi. A tsakiyar birnin Solt Lek akwai haikalinsu da suka shekara 40 suna ginawa, daga 1853 zuwa 1893. Wanda ba nasu ba ba ya shiga haikali bayan an keɓe shi don ibada. Amma filin da ke kewaye da shi a buɗe yake ga kowa, kuma kafin a fara babban gyara a ƙarshen 2019 miliyoyin mutane ke zuwa kallo kowace shekara. Sai suka ajiye ƴan mata masu wa'azi daga ƙasashe dabam-dabam, aikinsu kawai tarbar mai zuwa. Suna tarbarsa da fara'a, su nemo masa mai jin harshensa, su zagaya da shi kyauta. Suna nuna masa tsohon zauren taronsu da aka gama a 1867, inda ake sakin ƴar allura a gaba mai zaune a can baya ya ji faɗuwarta. Daga labarin gini sai labarin wahalar kakanninsu, daga nan sai abin da suka yi imani da shi. Mutum ya zo kallon gini, ya koma gida da littafi a hannu.

Matsayin aƙida

Ya ku ƴan'uwa, a nan babu kwana-kwana. Aya ta 40 cikin Suratul Ahzabi ta yanke cewa annabci ya cika da Manzon Allah (S.A.W), saboda haka duk wanda ya zo bayansa da da'awar annabci, a 1830 ne ko a wata shekara, Musulmi ba ya gaskata shi. Su kuma suna ɗaukar kowane shugaban cocinsu a matsayin annabi mai rai. Suna cewa Annabi Isa (A.S) ɗan Allah ne, suna kuma cewa Ubangiji yana da jiki na tsoka da ƙashi. Suratul Ikhlasi, wadda ƙananan yaranmu ke haddacewa a makarantar allo, ta isa amsa a kan wannan. Tsarki ya tabbata ga Allah daga abin da ake siffanta shi da shi.

To amma saɓanin aƙida bai halatta zagi ko jifa ko wulaƙanci ba. Aya ta 46 cikin Suratul Ankabuti ta koya mana yin muhawara da ma'abota littafi ta hanya mafi kyau, aya ta 125 cikin Suratun Nahli kuma ta sa hikima da kyakkyawan wa'azi su zama ginshiƙin kira. Don haka na ce wa ɗan'uwanmu: idan sun gaishe ka ka amsa da mutunci, idan ƙishirwa ta kama su ka ba su ruwa. Idan kana da ilimi ka bayyana musu tauhidi a natse. Idan ba ka da shi kada ka shiga gardama, kada kuma ka zauna darasinsu, domin wanda bai iya ruwa ba ba ya gwada zurfin kogi. Ka ce musu kai Musulmi ne, ka yi sallama da su, abin da ya shige maka duhu ka kawo wa malamai.

Abin da ya dame ni

Da na gama ba shi amsa na koma gida, sai wata tambaya ta hana ni sakewa. Yaro ɗan shekara 18 ya bar uwa da uba shekara biyu, da kuɗin gidansu, ya koyi harshen da ba nasa ba, domin abin da mu muka tabbata ba daidai ba ne. Mu da Allah ya yi wa baiwar tauhidi, me muka fitar dominsa?

Wannan aiki namu ne tun asali. Kafin Hijira, Manzon Allah (S.A.W) ya tura Mus'abu ɗan Umairu (R.A) zuwa Madina. Saurayi ne ɗan gata wanda ya tashi cikin ni'ima a Makka, ya bar ta duka. Ya sauka gidan As'adu ɗan Zurara, yana bin unguwanni yana karantar da Alƙur'ani. Usaidu ɗan Hudairu ya zo masa da mashi a hannu don ya kore shi, Mus'abu ya roƙe shi ya zauna ya saurara tukuna, in bai ji daɗi ba za a bar shi. Usaidu ya zauna, bai tashi ba sai da ya musulunta, Sa'adu ɗan Mu'azu ya biyo bayansa, ƙabilarsa ta biyo shi.

Haka nan tarbar baƙo. Suratuz Zariyati ta ba mu labarin Annabi Ibrahim (A.S), wanda baƙin da bai sani ba suka shigo masa, ya gaggauta kawo musu ɗan maraƙi mai ƙiba. Malaman Sira sun ruwaito cewa Kiristocin Najrana sun zo Madina, Manzon Allah (S.A.W) ya karɓe su a cikin masallacinsa, aka yi muhawara, suka koma da yarjejeniyar zaman lafiya. Sumamatu ɗan Usalu kuwa fursuna ne aka ɗaure a jikin ginshiƙin masallaci. Kwana uku yana kallon sallar Musulmi da halinsu, da aka sake shi kyauta ya je ya yi wanka ya dawo ya yi kalmar shahada.

Yanzu mu dubi masallatanmu. Baƙo zai yi sahu da mu kwana bakwai, ba wanda ya tambaye shi daga ina, ko ya ci abinci. Ma'aikaci wanda ba Musulmi ba zai zauna unguwarmu shekaru, yana jin kiran salla sau biyar kullum, ba wanda ya taɓa gaya masa ma'anarsa. Wanda ya musulunta mu yi masa kabbara ranar Juma'a, ranar Asabar mu manta da shi. Yaro zai yi tambaya a kan abin da ya gani a wayarsa, mu daka masa tsawa, shi kuwa ya tafi wurin mai amsa masa da murmushi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kakanninmu sun ce baƙonka annabinka, sun kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ina muka ajiye wannan gado?

Abin da nake roƙo

Na farko, kowane kwamitin masallaci ya ware mutum biyu ko uku masu sakin fuska da haƙuri, waɗanda bayan kowace salla za su lura da sabuwar fuska, su gaishe ta, su ji buƙatarta.

Na biyu, samarinmu da suka yi madarsa suka kuma ji Faransanci su zauna gaban malamai su koyi yadda ake bayyana rukunnan imani da na Musulunci a taƙaice, da Hausa da Faransanci, ba tare da zagin kowa ba. Haka ƴan'uwa mata a makarantunsu, domin baƙuwa mace ta fi sakewa da mace.

Na uku, ɗalibai su ba da ko da wata ɗaya na hutun damina ga ƙauyukan da ba su da mai karantar da alwala da Fatiha, bisa izinin iyaye da jagorancin malamai. Masu hali kuma su ɗauki kuɗin mota da abincinsu.

Na huɗu, duk wanda ya shigo Musulunci a haɗa shi da gida guda da zai riƙe shi kamar ɗa, har ya iya sallarsa ya tsaya da ƙafarsa.

Wanda ya ga ƙwazon wasu a kan abin da suka riƙa, bai kamata ya tsaya ga mamaki ko zargi ba. Kansa ya kamata ya tuhuma, domin ranar ƙiyama ba za a tambaye mu aikin mutanen Yuta ba. Za a tambaye mu baƙon da ya tsaya a ƙofarmu ya juya bai ji komai ba.

Allah ya tabbatar da dugaduganmu a kan tauhidi, ya shiryi zuriyarmu, ya shiryar da waɗanda ba su sami shiriya ba, ya sa mu zama sanadin alheri gare su. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.