Akwatin Direban Tirela

A gefen yawancin tireloli masu dogon zango, ƙasa da bodi, tsakanin tayoyin kan mota da na baya, akwai wani akwatin ƙarfe da ido kan tsallake. Sau da yawa ba da shi motar ta zo ba, mai walda ne ya ƙera ya liƙa. Tsawonsa bai fi kamu biyu ba, da murfi da kwaɗo, ƙura ta rufe shi, baƙin mai ya ɓata gefensa. A Legas, duk wanda ya tsaya a bakin titin Apapa zuwa Oshodi, daidai inda ya ratsa ta gefen kasuwar Ladipo a Mushin, ko ya je Oko-Oba a Agege lokacin sauke shanu, ko ya kutsa Mile 12 da asuba, zai ga irinsa birjik. Mutane kan ɗaga kai su kalli tulin lodin da ke sama. Ba kasafai ake sunkuyawa a dubi akwatin ba, alhali gidan direba kacokan yana cikinsa.

In aka buɗe kwaɗon, abin da ke ciki ba ya wuyar ƙirgawa. Ga ƙaramin risho, ga tukunya ɗaya da gindinta ya yi baƙi, ga butar shayi da kofunan roba. Shinkafa na cikin leda an ƙulle bakinta sau biyu, kusa da ita garin kwaki da ƙuli-ƙuli, sai yaji a gwangwanin madara, sai man gyaɗa a gorar ruwa wadda aka naɗe murfinta da leda don kada ya tsiyaye. A ɗaya ɓangaren akwai jak da sifanu da igiya da tocila, da gungumen katakon da ake tokare taya da shi. Tabarma da darduma da gidan sauro da tufafi kala biyu ko uku suna bayan kujera a kan mota, jarkar ruwa da buta kuma suna ɗaure a jikin bodi. Kome da mazauninsa. Abin da za a fara nema shi ne a bakin ƙofa, an cusa tsumma tsakanin tukunya da buta don kada su yi ta ƙara a hanya, kuma direba na iya miƙa hannu cikin duhu ya ɗauko cokali ba tare da ya kunna tocila ba.

Sai kuma a ɗaga kai. Tirelar siminti kan ɗauki buhu 600, kowanne kilo 50, wato tan 30 ke nan. Wata albasa ta ɗauko daga Aliero, wata wake daga Dawanau, wata tumatir daga Kadawa, wata shanu daga Potiskum ko Maigatari. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ko a bi ta Kaduna da Mokwa a haye gadar Jebba a faɗa Ilori, ko a bi ta Abuja da Lakwaja, duk a haɗu a Ibadan. A cikin wannan dukiya babu ko ƙwayar wake ɗaya da take ta direba. Galibi ma motar ba tasa ba ce. Abin da zai nuna ya ce nawa ne, yaron mota na iya ɗora shi a ka ya tsallaka titi da shi. Mutum ya kwana ya tashi tare da tan 30, amma rayuwarsa na tafiya daidai a kan abin da bai kai nauyin buhu ɗaya ba. Wannan abin mamaki ne, kuma abin tsayawa a duba.

Ba dare ɗaya akwatin ya zama haka ba. Sabon yaron mota yakan zo da jakar bakko cike: takalma ƙafa uku, turare a kwalba, faranti mai fashewa, babbar rigar da yake fatan sawa in an shiga birni. Maigidansa ba ya yawan magana. In yaron ya ce, "Maigida, a saka wannan?" amsar ba ta wuce, "Ka taɓa shi a tafiyar da ta wuce?" Sauran karatun hanya ce ke bayarwa. Ramukan titi su fasa farantin, zafin rana ya lalata abin da ba ya jure ajiya, damina ta jiƙa abin da ba a naɗe ba. Shekara na zagayowa jakar na raguwa, har a kai inda babu abin da ya saura sai wanda ya biya kuɗin mazauninsa da aiki. Shi ya sa abu mai amfani biyu ya fi daraja a nan. Tabarma ita ce gado, ita ce wurin cin abinci, ita ce zauren karɓar baƙi, ita ce kuma ake shimfiɗawa a shiga ƙarƙashin mota in sifirin ya karye.

Wannan karatu ya girmi mota. Fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro a kasuwar Salaga, cikin ƙasar Gana ta yau, sukan shafe watanni a hanya ƙarƙashin jagorancin madugu. Jakuna na ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata a tafiya, su dawo da goro, wanda sai an riƙa buɗe shi ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya fara lalacewa. Haja ke cinye mangala, shi kuwa falke nasa bai wuce buzu da gora da sanda da ɗan guzuri ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, harkar goro ta karkata kudu, Hausawa suka yi zango kusa da tashar Agege, zangon ya zama unguwa. Haka ma a Amurka, akwai dubban mutanen da suka mayar da mota gida dungurungum, da gado da murhu da banɗaki a ciki. Wasu sun yi ritaya ne suna son ganin ƙasa, wasu tsadar haya ce ta kore su. Duk da kyan motocinsu, abin da suke koyo bai bambanta da na direban albasa ba: tankin ruwa na da iyaka, nauyin da taya za ta ɗauka na da iyaka, in sabon abu zai shigo sai wani ya fita.

Ruwa ne babban malami. Mai famfo a gida bai san nawa yake zubarwa ba, amma mai jarka ya san kofi nawa alwala ke ci, nawa shinkafa ke sha, nawa za a rage saboda lagireto. Kafin Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta ɓullo da tsarin kiran motoci ta intanet a 2021, tireloli kan yi kwanaki, wani lokaci makonni, a layin shiga tashoshin Apapa da Tin Can, layin ya miƙe har Ojuelegba. A kan gada direbobi suka riƙa girki da wanki da barci. A irin wannan zama babu wanda yawan lodinsa ya ciyar da shi. Kwantena cike da dukiya tana bisa, a kulle, ba ta ba da ko loma ɗaya. Abin da ke cikin akwati da jarka shi ya riƙe mutane. Addini ma ya san matafiyi na bukatar sauƙi: Azahar da La'asar da Isha'i sukan koma raka'a biyu-biyu, an yarje masa ya sha azumi ya rama daga baya, in ruwa ya yanke ya yi taimama. Wanda ya halicci mutum ya san iyakar abin da kafaɗarsa za ta ɗauka, sai ya rage masa kaya a lokacin da ya fi bukatar a rage.

Akwai kuma wani abu da mai lura zai gani. Duk ƙanƙantar akwatin, kofunan da ke ciki sun fi mutanen motar yawa. Mutum biyu ko uku ne a mota, amma kofi huɗu ko biyar. Wanda ya jefar da faranti saboda nauyi ya ƙi jefar da kofin baƙo. Dalili kuwa a bayyane yake. A Tafa ko Mokwa ko Ogere, in aka yi fakin da dare, wanda ya riga kunna risho shi ne mai masauki. Yau a ari jak ɗinka, gobe kai ne taya za ta fashe wa a dajin da babu mai faci, ka tsaya jiran wanda zai tuna shayin da ya sha a hannunka. Akwatin bai isa ya wadatar da kowa shi kaɗai ba. Ƙarashensa yana hannun mai shayi da bakanike, da mai abincin da ke ba da bashi har a dawo, da masallatan Idi-Araba da Agege inda baƙo zai yi alwala ya miƙe ƙafa. Rage kaya bai sa direba ya rage mutane ba, ƙara masa bukatarsu ya yi, ya kuma koya masa riƙe su da kyau.

Kowane ɗan Adam yana tafe da kaya iri biyu kamar haka. Akwai lodi, akwai akwati. Lodi shi ne abin da aka ɗora masa ya kai wani wuri: muƙami, jarin mutane, dukiyar marayu, 'ya'yan da aka ba shi reno, ilimin da wasu ke jira, har ma dukiyar da yake kira tasa wadda magada ke gaba. Akwati shi ne abin da yake taɓawa da hannunsa kullum: abin da ya ci, abin da ya sa, inda ya kwanta, sai halinsa. Attajirin da ke da rumbuna a Dawanau ba ya cin tuwo malmala goma saboda yana da rumbu, kuma komai yawan ɗakunan gidansa gado ɗaya yake kwana a kai. Akwatin mutane duka kusan girmansa ɗaya. Lodi ne ya bambanta.

Ɓarna na farawa ne ranar da aka rikita su. Direban da ya fara kallon lodi a matsayin nasa, shi ne zai huda buhu ya ɗebi mudu biyu, ko ya zuƙi man dizal ya sayar a gefen hanya yana cewa ba za a gane ba. Haka ma'aikacin da ya ɗauki kujerar ofis gadon gidansu, da wakilin da ya haɗa kuɗin jama'a da na aljihunsa, da uban da ya ɗauki 'ya'yansa haja. Akwai kuma mai haɗama, wanda ke ƙara lodi bisa lodi don ƙarin kuɗi. A kan miƙaƙƙen titi ba a ganin illar. A gangara take bayyana, domin nauyin da ke baya shi ke tura mota, birki ya yi zafi ya daina kamawa. Gogaggen direba tun kafin ya fara gangarowa yake sauko da giya, ya bar inji ya riƙe motar, don ya san kayan da ba nasa ba suna iya halaka shi. Mutane da yawa sun iya hawa. Sun jure talauci da wahala cikin mutunci, amma da dukiya ko mulki ya taru a bayansu, shi ya tura su inda ba su yi niyya ba.

Wannan ba yabon wahala ba ne. Rayuwar hanya na da ɗaci: barci rabi da rabi, ciwon baya, fargabar 'yan fashi, shingaye marasa iyaka, sallah a bakin titi, haihuwa da rasuwa a ji su ta waya. Babu direban da ke ƙaunar akwatinsa fiye da ɗakinsa. Yana haƙuri da ƙaramin akwati ne saboda akwai gida a Funtuwa ko Gusau ko Haɗeja da ake jiran saƙonsa, akwai kuɗin makaranta, akwai tsohuwar da ke sa masa albarka. Ya taƙaita wa kansa ne don ya yalwata wa wasu. Taƙaitawar da ba ta da wannan manufa rowa ce, kuma marowaci ma dakon lodi yake yi, sai dai shi bai san inda zai kai ba.

A ƙarshen kowace tafiya akwai ƙirga. Mai kaya ko dillalinsa zai tsaya da takarda a hannu, 'yan dako na saukewa ana lissafi, buhu bayan buhu, kwando bayan kwando. Ba a tambayar direba yawan abin da ya ɗauko don a yaba masa, domin ba shi ya tara ba. Ana tambayarsa ne ko ya cika, ko ya iso da lafiya, ko ya iso a kan lokaci. Wanda lodinsa ya cika yau shi za a kira gobe, kuma da haka sunan mutum ke yawo daga tasha zuwa tasha har ya riga shi isa. Ya kamata mai muƙami da mai jari da mai iyali kowa ya zauna tun ana tafe ya rarrabe kayansa, ya san wanne aka ba shi ya ci, wanne aka ba shi ya kai. Na ci kaɗan ya isa. Na kaiwa kuwa, ko ƙwaya ɗaya ta ɓace sai an tambaya.