Naman Ɗan Wasa: Halal Ne Ko Haram?



Ran 10 ga watan Disamba na 2014 Allah ya karɓi ran Rabilu Musa, wanda aka fi sani da Ɗan Ibro, a Kano. Labarin bai kwana ba sai da ya game ƙasar Haɗeja, tun daga kasuwar kifi da teburan masu shayi na cikin gari har Auyo da Kiri Kasamma da Guri. Kamar yadda akan yi duk ran da wani ɗan wasa ya rasu, waɗansu suka yi masa addu'a, waɗansu kuwa suka zauna suna yanke masa makoma, sai ka ce an ba su ajiyar mabuɗan Aljanna da na wuta. Abin mamaki, cikin masu yanke hukuncin nan da wuya a sami wanda bai taɓa riƙe ciki don dariya a gaban fim ɗin mamacin ba.

Hujjar da akan kawo a majalisa ita ce, wai kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Watau tun da mutum ya kai fuskarsa kasuwa don neman kuɗi da suna, to ya sayar da mutuncinsa, kowa na iya yankar rabonsa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta ke da haɗari. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya lissafa wurare 6 a cikin Riyadus Salihin inda ambaton aibin mutum a bayan idonsa ya halatta, ɗaya daga ciki kuwa shi ne mai bayyana saɓonsa a fili. Amma fa malamin ya gindaya sharaɗi, cewa abin da mutumin ya bayyana shi kaɗai za a ambata. Saboda haka wanda ya ce rawar da aka yi a fim kaza ba ta dace da tarbiyyar Musulmi ba, bai ci naman kowa ba, ya ma yi nasiha.

To, amma hirar majalisa ba nan ta kan tsaya ba. Daga rawa sai a gangara zuwa ga dalilin mutuwar auren wance, da inda ta sami kuɗin mota, da wanda aka ce an gan ta tare da shi. Wannan ya wuce giba, ya shiga ƙazafi. Aya ta 4 ta Suratun Nur ta wajabta wa mai jifan mace da alfasha ya kawo shaidu 4, in ya kasa a yi masa bulala 80, a kuma daina karɓar shaidarsa. Babu inda aka ce in dai 'yar fim ce zato ya wadatar. Jihar Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun a 2000, amma sau da yawa mutum ya fi tuna haddin da zai hau kan waninsa bisa ga wanda harshensa ke jawo masa.

Akwai wani labari a cikin Sahihul Buhari da ya kamata masu wannan hira su sani. A Madina an yi wani mutum mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar, wanda ya kan ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dariya. An yi masa bulala a kan shan giya ba sau ɗaya ba. Wata rana da aka sake kawo shi sai wani ya tsine masa, Annabi kuwa ya hana, ya shaida cewa mutumin nan yana son Allah da Manzonsa. An tsayar masa da haddi, ba a kuwa bar kowa ya yi masa tsinuwa ba. Ɗan Ibro ma kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace fina-finai ta Kano ta ɗaure shi a 2008. Wannan hukunci ne na duniya a kan abin da ya bayyana, ya kuma ƙare tun yana da rai.

Kada mai karatu ya ɗauka an wanke masu barkwanci ke nan. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ke shirya ƙarya don ya ba mutane dariya, aya ta 11 ta Suratul Hujurat kuma ta hana izgili, wanda shi ne jarin mai kwaikwayon gurgu ko mai in'ina ko wata ƙabila. Sai dai wa ke biyan kuɗin? Ƙasar Hausa ta daɗe da 'yan kama da wawan sarki da masu tashe, kowannensu kuwa abin da ya ga yana kawo kyauta shi ya kan maimaita. Saurayin da ya sayar da shinkafarsa ta fadama, ya je shagon masu tura fina-finai ya zaɓi wanda ya fi batsa, ya riga ya gaya wa masu shirya fim irin wanda za su yi gobe. A 2016 an soke shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta jihar Kano bayan malamai sun nuna rashin yarda, amma kallo bai ragu ba, ya dai ƙara komawa YouTube da TikTok, inda hannun mai tacewa ba ya kai wa da sauƙi.

Wuce iyaka wajen so shi ma ciwo ne. Ya tabbata a hadisi cewa ranar Alƙiyama mutum yana tare da wanda ya ke ƙauna, ga shi kuwa akwai ɗan Haɗeja da zai lissafa motocin jaruminsa, amma a tambaye shi Sarki Muhammadu da ya yi shahada a yaƙin Turawa na 1906, sai ya yi shiru. A 2019 saɓanin Ali Nuhu da Adam A. Zango ya kai gaban kotu, daga baya aka sulhunta su. Su sun yafi juna, amma zagin iyaye da magoya baya suka yi ta yi wa juna yana nan rubuce a littafin kowa.

Malamai sun ce tuba daga giba ba ta cika sai da sauke haƙƙin wanda aka ci namansa. Masuncin da ke Guri ina zai ga 'yar wasan da ke Kano balle ya roƙe ta gafara? Wanda ya riga ya kwanta dama kuwa, kamar Rabilu Musa, Allah ya jiƙansa, abin da malamai suka ce ya rage shi ne a nema masa gafara, a kuma ambaci alherinsa a majalisar nan da aka ɓata shi, gaban mutanen da suka ji.