Shin Karatun Littattafan Ban Dariya Ɓata Lokaci Ne?

Wani ɗan'uwa ya aiko mana da tambaya, ya ce shi ma'aikaci ne, in ya dawo a gajiye ya yi sallar Lisha, yakan ɗauki littafin gajerun labarai na ban dariya, irin su labarin Sahoro da Sahorama na cikin Magana Jari Ce, ya karanta ɗaya ko biyu kafin barci. To, sai abokinsa ya ce masa wannan lagawu ne, kuma ƙarya ce yake saya da kuɗinsa. Yana so ya san matsayinsa.

Ita dariya kanta ba a daɗe a kanta ba. Ya tabbata Manzon Allah (S.A.W.) yakan yi raha da sahabbansa. Wani ya roƙe shi abin hawa, ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya yi mamakin abin da ɗan taguwa zai tsinana masa, sai ya tuna masa kowane raƙumi ai taguwa ce ta haife shi. Haka kuma Muslimu ya ruwaito yadda Hanzala ya zo yana tuhumar kansa da munafunci, don in ya koma gida wasa da iyali yakan shagaltar da shi. Aka nuna masa rai yana da lokacin himma, yana da lokacin hutawa.

Maganar ƙarya ita ce mai nauyi, domin abokin nan ba da ka ya yi magana ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito narko mai tsanani a kan mai shirga ƙarya don ya ba mutane dariya, kuma akwai malaman da suka tsananta har suka ƙi duk wani ƙagaggen labari saboda wannan. Muna girmama tsantseninsu. Amma ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ka san ba haka yake ba. Tsohuwar da ta ce wa jikokinta "ga ta nan, ga ta nanku" ba ta yaudari kowa ba, don ko ƙaramin cikinsu ya san Gizo bai taɓa zuwa fada ba. In da kowane ƙagaggen labari ƙarya ne, da malamanmu na zaure ba su karantar da Muƙamatul Hariri ba. Mai littafin ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, kuma gwarzon littafin, Abu Zaidi, tsohon ɗan duniya ne mai cin abinci da bakinsa, ana karatunsa ana murmushi ana tsintar lugga.

Ga kuma Ibnul Jauzi, mai wa'azin Bagadaza, wanda ya rasu a 597 (1201 Miladiyya). Shi ya rubuta Talbisu Iblis, littafin da bai raga wa kowa ba, kuma shi ɗin dai ya tara labarun wawaye da gafalallu a littafi guda. Dalilansa uku ne: mai hankali ya gode wa Allah, ya guji hanyoyin wauta, sannan zuciya ta sami hutu.

Ni inda nake jin tsoro wani wuri ne daban, wanda mai tambaya bai ambata ba, wato wa ake yi wa dariyar? Jahizu, wanda ya rasu a 255, ya yi littafi a kan marowata, gwanin daɗi, amma ya jingina rowa ga mutanen Marwa ta ƙasar Khurasan, tambarin ya bi su shekara fiye da dubu. Mu ma muna da irin wannan. Wasan da ke tsakanin Bakatsine da Bagobiri, ko Bafillace da Babarbare, a dandali ake yi, ka jefa a rama, a tashi ana abokai. Da zarar an buga shi a takarda, wanda aka taɓa ba shi da bakin ramawa, yaron da bai san tushen wasan ba kuwa sai ya ɗauka gaskiya ce. Balle labarun da abin dariyarsu makanta ce, ko gurguntaka, ko in'ina. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, kuma ba ta ware wanda aka yi da tawada ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne a mai da aya ko salla abin barkwanci. Ayoyi na 65 da 66 na Suratut Tauba sun sauka a kan mutanen da suka yi haka a tafiyar Tabuka, shekara ta 9, suka kawo hanzarin cewa hira kawai suke yi, ba a karɓa musu ba.

Saboda haka ɗan'uwanmu ya ci gaba da karatunsa, babu laifi in Allah ya so. Wautar Sahoro ba ta ƙabilar kowa ba ce. In ya iske labarin da zai ji kunyar karanta shi a gaban wanda aka yi da shi, ya tsallake shafin. Ya kuma riƙa kashe fitila da wuri, kada labari na uku ya cinye masa sallar Asuba.