KAFIN DABBA TA SHIGO GIDA, MU TAMBAYI INDA TA FITO

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah wanda Ya hore mana dabbobi, Ya sanya su amana a hannunmu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, da wuya a shiga gida a ƙasar Ƙonni, Malbaza ko Illela a tarar babu wata dabba a cikinsa. Wani ɗan rago ne a turke, wani tattabarun yara ne, wani kyanwa ce mai tsaron rumbu, wani kuma kare ne yake gadin garke ko garkar albasa a Galmi. Amma duk sa'ad da za mu samo sabuwa, tambayar da ke fara fita daga bakinmu ita ce: "Nawa ne?" Muna so mu tunatar da kanmu cewa akwai tambayar da ta riga wannan, ita ce: daga ina dabbar ta fito?

Ajiye dabba don amfani ko ɗebe kewa ba laifi ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ƙanen Anas ɗan Malik, mai suna Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, har Manzon Allah (S.A.W.) yakan zolaye shi da tambayar labarin tsuntsun. Sai dai halaccin ajiyewa bai halatta kowace hanyar samu ba.

Abu na farko shi ne dukiyar sata. Babu wanda bai san halin da ɓarayin daji suka jefa ƙauyukan iyakarmu da Nijeriya ba. Har ta kai a shekarar 2021 gwamnatocin jihohin Zamfara, Katsina da Sakkwato suka dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni don toshe wa ɓarayi hanyar sayarwa. Ɓarawo ba ya kora garke don ya yi kiwo, yana korawa ne domin ya san akwai mai saye. Saboda haka wanda aka kawo wa rago da dare a bayan gari, a rabin kuɗinsa, ya saya yana kau da kai, to, ya sani kuɗinsa na iya zama harsashin da za a harbi wani Musulmi da shi. Wataƙila ragon nan na marainiya ne, ko na tsohuwar da ta yi wata shida tana ba shi dusa don ta sayi hatsin damina. Hausawa sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. A fikihunmu na Malikiyya kuwa, idan mai dabba ya gane abinsa ya kawo shaidu, karɓe ta zai yi, mai saye ya je ya nemi wanda ya sayar masa. Ina zai gan shi? Ya yi hasarar kuɗi da mutunci, ga kuma hisabi yana jiransa. Wannan hukunci bai bar tattabara ba. Yaron da ya tare tattabarun maƙwabta da tarko ya sayar, sata ya yi, uban da ya saya wa ɗansa kuma ya koya masa cin haram tun yana ƙarami.

Abu na biyu shi ne wurin ciniki. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa. Allah Ya albarkace mu da kasuwanni sanannu, irin su ta Ƙonni, ta Gidan Iddar da ta Badagishiri. Mu shiga kara da rana tsaka, mu nemi dillalin da aka san gidansa da iyayensa, mu tambayi sunan mai dabba da garinsu, mu duba shaidar da ke jikinta, a yi ciniki a gaban mutane. Ba a cinikin biri a sama. Ku kuma dillalai, ku ji tsoron Allah. An hana ɓoye aibi, an hana ƙara farashi ba da niyyar saye ba don a ruɗi wani. An kuma hana barin nono ya taru a hantsar dabba don mai saye ya zaci mai yawan nono ce, har Shari'a ta ba wanda aka yi wa haka damar mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino.

Abu na uku ya shafi tsuntsayen daji da yara suke kawowa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya ga haka, sai ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umurni a mayar mata da ƴaƴanta. Duk dalar da muka ba yaro a kan ɗan tsuntsun da ya ciro daga sheƙa, mun aike shi ya sake hawa itace gobe. Haka kuma kada mu karɓi ɗan kyanwa ko ɗan kwikwiyo da bai isa yaye ba.

Abu na huɗu shi ne kare da kyanwa. Hadisi ya nuna ladan mutum yana raguwa kullum idan ya ajiye kare, sai fa na farauta ko na tsaron dabbobi ko gona. An kuma yi hani ga cin kuɗin kare. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ambaci wannan hani a cikin Risala, ya bayyana cewa malamai sun yi saɓani a kan sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa. Mafita daga saɓani ita ce al'adar iyayenmu: a nemi kyauta daga maƙwabci ko makiyayin da aka san uwar karensa. Haka ma kyanwa, ba a rasa gidan da ta haihu ana neman mai ɗauka. A nan akwai maslahar lafiya. Karen da aka tsinta a titi ba a san abin da yake ɗauke da shi ba, ciwon haukan kare kuwa idan alamunsa suka bayyana ga mutum kusan ba a tashi. Mu kai wa likitan dabbobi ya yi masa allura. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya da shi likita a ranar. Rigakafi ya fi magani.

Daga ƙarshe, bayan mun binciki mai sayarwa, mu binciki kanmu. Muna da abin ciyar da ita a watannin bazara, lokacin da harawa take tsada? Akwai inuwa da ruwa? Wa zai kula da ita idan yaro ya gaji da wasa? Mu tuna da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ba zai iya riƙon amana ba, barin ɗauka ya fi masa alheri.

Muna kira ga limamai da malaman makarantun allo da su isar da wannan ga jama'a, iyaye kuma su riƙa tambayar ƴaƴansu inda suka samo abin da suka shigo da shi gida.

Allah Ya tsarkake mana dukiyarmu, Ya mayar wa waɗanda aka zalunta haƙƙinsu, Ya shiryi masu ɓarna ko Ya kare mu daga sharrinsu, Ya ba ƙasarmu da maƙwabtanta zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.