Tsohuwar Sifika da Hukuncin Gyaran da Aka Ɓoye

Tsohuwar sifikar gida, irin mai akwatin katako da ake girke guda biyu a kusurwoyin falo, haja ce da ba kasafai ake samunta yadda ta baro masana'anta ba. Wadda aka ƙera a 1976 ta kama shekara hamsin, alhali a cikinta akwai sassan da ba sa kai rabin haka. Saboda haka duk wadda aka ji tana ƙara lafiya a yau, a shagon mai gyaran rediyo a Kurmin Sarki ko a rumfar masu kayan wuta a Kasuwar IBB ta Suleja, mawuyaci ne a ce hannu bai taɓa shiga cikinta ba. Masu falsafa za su tambaya ko akwatin da aka sauya wa kayan ciki yana nan a matsayin abin da sunan da ke goshinsa ke faɗa. Malaman fiƙihu kuwa tambayarsu ita ce me ya wajaba mai sayarwa ya bayyana, kuma me ya rage wa mai saye idan an rufe shi.

Da yawa daga cikin waɗannan akwatuna sun shiga gidajen ma'aikata ne a zamanin kuɗin mai, musamman bayan an biya ariyas ɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, lokacin da Pioneer da Sansui da Kenwood da Akai suka zama adon falo. Wasu daga baya suka zo cikin kwantena a matsayin kayan Beljiyam, suka bi ta Kasuwar Alaba ta Legas kafin su hauro Arewa. Suleja tana da hanya ta uku, domin tana bakin babban birnin tarayya, kuma abin da gidajen Abuja suka gaji da shi yakan ƙare a hannun 'yan gwangwan da dillalai.

Tsarin sifika bai sauya sosai ba tun 1925, shekarar da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana irin da ake amfani da shi har yau. Akwai maganaɗisu a baya, da siririyar wayar tagulla da aka naɗe, wato koyil, wanda ke kai da komo a tsagin maganaɗisun idan wuta ta bi ta cikinsa, da kwali mai siffar mazurari da ke tura iska, da zoben soso ko roba ko yadi da ke riƙe bakin kwalin. Babbar sifika ta ɗauki bes, ƙaramar da ake kira tuwita ta ɗauki siririn sauti, wani ɗan allo mai kapasita ya raba musu aiki. Zoben soso ke fara mutuwa. Cikin shekara goma sha biyar zuwa ashirin yakan ruɓe ya marmashe, kuma zafi da danshin damina irin na Suleja suna gaggauta masa. Kapasita tana bushewa, sai sautin ya dushe. Koyil yana ƙonewa idan an ɗora masa amfilifaya da ta fi ƙarfinsa, ko an matsa wa ƙaramar amfilifaya har sautinta ya tsage.

Gyaran ma hawa-hawa ne. Wanda ya sa sabon zoben soso daidai da na asali bai taɓa zuciyar abin ba. Wanda ya sake naɗa koyil da hannu ya shiga ciki sosai, domin kaurin waya da yawan zagaye su ke tsayar da om ɗin sifikar, 4 ne ko 8, da nauyin da kwalin zai ja. Wanda ya cire babbar sifikar ɗungum ya ɗaura wata mai araha don kawai ta cika ramin, akwati ya bari da suna. Masu ƙira suna auna girman akwati ne da sifikar da za ta zauna ciki. Rufaffen akwatin da Edgar Villchur ya fito da shi a kamfanin Acoustic Research a 1954 yana buƙatar sifika mai zobe mai laushi ƙwarai, domin iskar da ke kulle a ciki ita ke mayar da kwalin mazauninsa. In an sa mai tauri, bes ya tafi ko da ido bai ga bambanci ba. Haka maganaɗisu. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni irin JBL suna amfani da alniko, haɗin ƙarfe mai kobal a ciki, sai yaƙin Shaba na ƙasar Zayar a 1978 ya tsauwala kuɗin kobal, aka koma ferait. Masu neman tsofaffin kaya suna biyan ƙari a kan na farkon.

Matsalar ta girmi lantarki. Plutarch, marubucin Girka, ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana, suna cire katakon da ya ruɓe suna sa sabo, har masanansu suka rabu a kan ko shi ne ko ba shi ba ne. Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara mata ƙulli a 1655: in wani ya tara tsofaffin katakon ya harhaɗa jirgi da su, wanne ne na Theseus? A kasuwar sifika hakan na faruwa a zahiri, domin sifikun asali da aka cire daga akwatin Pioneer sukan koma cikin akwatin da kafinta ya buga, a sayar da su daban. Mutanen Suleja sun san ɗaya fuskar al'amarin. Garin shi ne Abuja tun da Abu Ja ya kafa shi a 1828. Bayan 1976 sunan ya koma wa sabon birni, shi kuma ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, amma ba wanda ya ce ya zama wani gari, tunda mutanensa da sarautarsa da unguwanninsa suna nan. A sifikar da aka yashe abin ya juya: suna ya zauna, abin da ya ba sunan daraja ya tashi.

Fiƙihun Malikiyya bai tsaya ƙirga katako nawa ke mayar da jirgi wani jirgi ba, kuma a nan ya fi amfani ga ɗan kasuwa. Ya mayar da ma'aunin ga mai saye. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da kusan kowane ɗalibin zaure ya bi ta kansa, ta hana algus da yaudara da ɓoye aibi da gauraya maras kyau da mai kyau, sannan ta hana mai haja ya rufe duk abin da in ya faɗa mai saye zai ƙi kayan, ko faɗinsa zai rage musu kuɗi. Wannan na ƙarshe ya fi aibi faɗi. Sifikar da aka sake wa koyil tana iya ƙara ras, ba mai kiranta mai lahani, amma da mai saye ya sani da ya rage tayi. Wannan kaɗai ya isa ya wajabta faɗa.

Masu saye kuma ba buƙatarsu ɗaya ba. Kwamitin masallacin unguwa da ke neman akwati don tafsirin azumi, ko mai gidan kallon ƙwallo, ƙara suke so da ƙarko, kuma sabuwar sifika cikin tsohon akwati tana iya fi musu alheri. Wanda ya taso daga Abuja yana neman JBL L100, wadda ta fito a 1970, asalin yake biya wa kuɗi. Muhtasar na Shehu Halil ya ba mai saye damar mayar da kaya idan siffar da aka ambata, wadda yake da buƙata gare ta, ba ta samu ba, ko da dillali ne ya shelanta ta a kasuwa. Ke nan wanda ya ce orijina ce, ba a taɓa buɗe ta ba, ya ɗaura wa kansa sharaɗi. Ba mai sayarwa ba ne zai yanke wa mai saye abin da zai dame shi da wanda ba zai dame shi ba.

Yaudara ba sai da baki ba. A Buhari da Muslim akwai hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan dabbar da aka ƙi tatsa har hantsarta ta cika don a zaci mai nono ce: mai saye ya riƙe in ya so, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Halil ya ɗauki irin wannan aiki tamkar sharaɗin da aka furta, ya kawo misalin wanda ya shafa tawada a tufafin bawa don a ɗauka ya iya rubutu. Manna tambarin kamfani a akwatin da ba nasa ba, da shafa baƙin fenti a kwalin da aka liƙe da gam, da mayar da tsohon murfin ƙura mai suna a kan koyil ɗin da aka naɗa jiya, duk a wannan babi suke. Imam Gazali, a cikin Ihya, ya lissafa nuna tufa a wuri mai duhu cikin algus. Gwajin sifika a tsakiyar hayaniyar kasuwa, kusa da janareta, da kiɗa mai bes zalla, hukuncinsa ɗaya idan da gangan ne, domin gogar koyil da mutuwar tuwita ba sa fita sai an rage ƙara an sa muryar mutum, karatu ko labaran rediyo.

Faɗin ma yana da ƙa'ida. Halil ya ce wanda ya san aibi ya bayyana shi, ya siffanta shi ko ya nuna, kada ya dunƙule. Cewa an ɗan taɓa ta ba ya sauke nauyi idan abin da aka yi shi ne sauya babbar sifika da tuwita.

Mafi wuyar babi shi ne cinikin da ake cewa ba gwaji, ba dawowa, wanda ya yawaita a kayan kwantena. Asalin maganar yana cikin Muwaɗɗa. Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa dirhami 800 da sharaɗin ya kuɓuta daga kowane aibi, mai saye ya ga cuta, aka kai ƙara gaban Usman ɗan Affan, shi kuma ya nemi Abdullahi ya rantse bai san da cutar ba. Abdullahi ya ƙi rantsuwa ya karɓi bawansa, wanda daga baya ya warke aka saye shi 1,500. Mashahurin zancen Malikiyya shi ne wannan sharaɗi ba ya aiki sai a kan bayi, kuma a kan abin da mai sayarwa bai sani ba; Hanafawa sun fi sassauci. A mazhabar da ake bi a Suleja ke nan, rubuta "ba dawowa" a rasit ba ya shafe tsohon aibi. Gaskiya ne cewa Halil ya keɓe aibin da ba a ganinsa sai an ɓata kayan, kamar tsutsar da ke cikin itace, amma mataccen koyil ba ya cikin wannan, tunda batir mai bolt 1.5 ko mita ta isa ta tona shi cikin daƙiƙa kaɗan. Hanya mai tsabta ga wanda bai gwada ba ita ce ya sayar a kan matacciya ce, da kuɗin matacciya. Wanda ya gwada a bayan shago, ya ware masu rai, ya zuba sauran a tarin da ake kira ba gwaji, ya sani sarai, kuma hukuncin mai ɓoye aibi ke kansa.

Idan aibin ya bayyana bayan ciniki, mai saye ya riƙe ba tare da ragi ba, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In wani babban lahani ya auku a hannunsa, misali ya ƙona tuwita da tasa amfilifayar, sai ya zaɓa tsakanin riƙewa a biya shi ƙimar tsohon aibin, da mayarwa tare da biyan abin da ya ɓata.

Mai gyara shi ma yana ciki. Gazali ya kawo cewa an tambayi Imam Ahmad ɗan Hambali game da ɗinkin da ake yi wa yagaggiyar tufa har ba a ganewa, sai ya amsa cewa bai halatta mai sayarwa ya ɓoye shi ba, kuma ya halatta ga maɗinkin ne idan ya san mai tufar zai bayyana, ko ba sayarwa zai yi ba. Ƙwarewa ba laifi ba ce, kuma wanda ya raya sifikar da aka jefar ya yi aikin kirki. Amma idan dillali ya ce masa ya yi yadda ba wanda zai gane an buɗe, ya san inda aikin ya nufa. Ban da haka, Malikiyya suna ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya karɓa ya yi aiki a kansu ba a gaban mai su ba, da lada ko ba lada. Tsohuwar sifikar da ya cire kuma ta mai akwatin ce, ko da matacciya, domin maganaɗisunta da tagullarta kuɗi ne.

Ha'incin yana iya fitowa daga ɓangaren mai saye. Dillalin da ya san darajar sifikun Tannoy ko JBL yakan tarar da su a gidan da ake rabon gado, inda magada ke kallonsu a matsayin tarkace. Mashahurin zance a mazhaba shi ne araha kaɗai ba ta warware ciniki, sai idan mai kayan ya ce bai san farashi ba, ya dogara ga mai saye, shi kuma ya yi masa ƙarya. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda alƙalan Arewa suka daɗe suna aiki da ita, ta buɗe ƙofar ƙara ga wanda aka ƙware da sulusi ko fiye, in bai san ƙimar abin ba kuma shekara ba ta wuce ba. Idan akwai marayu cikin magadan, wasiyyinsu ba shi da ikon sallamawa ƙasa da ƙima, don haka sai an kira wanda ya san kayan ya buɗe akwatin, ya duba sifikun da ke ciki, ya yi musu kuɗi kafin a sayar.